Girkin Sallah a Gidan da Wani Ba Ya Cin Gyaɗa

Ɗiyata, na ji bana tukunyar Sallah a hannunki take a gidan surukanki. Na kuma ji cewa cikin yaran gidan akwai ɗan facalarki wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, da wata 'yar ƙarama da ƙwai ke tayar wa borin jini. Ta fannin girki ba ni da abin ƙara miki, hannunki ya faɗa tun kina gida. Amma girki a gidan da ake da irin waɗannan yara aiki ne daban, kuma rabinsa ba a bakin murhu ake yin sa ba, da baki ake yi. Shi ya sa na ce bari in zaunar da ke tun kafin a fara jiƙa shinkafar waina.

A sauran ranaku yaron nan abincin uwarsa yake ci, ita kuwa mai ɗaki ce, ta san inda yake mata yoyo. Ranar Sallah abinci ba ya zama a gidan da aka dafa shi. Tun kafin a sauko daga idi yara sun fara zirga-zirga da kuloli, tuwo ya fita, waina ta shigo, wannan daga gidan liman, wancan daga gidan ƙanwar maigida. Kafin azahar tsakar gida ta cika da kwanukan da ba wanda zai iya rantsuwa a kan abin da ke cikinsu. Ga yara sun ci ado sun tafi yawon Sallah, duk gidan da suka shiga sai an damƙa musu wani abu. Babu mai mugun nufi a cikin masu bayarwar nan. Duk abin da zai cutar da yaron a ranar, da fara'a za a miƙa masa, kuma daga hannun wanda yake ƙaunarsa.

Ki san ciwon tukuna, don ki iya yi wa wasu bayani. Allah Ya yi wa jikin mutum garkuwa da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. A jikin wasu, garkuwar takan yi kuskure, ta ɗauki furotin na gyaɗa ko na ƙwai ko na madara a matsayin abokin gaba. Kamar maigadi ne da ya zaci baƙon arziki ɓarawo ne, ya tara unguwa da ihu, garin kamun ɓarawo aka rushe katangar gida. Jiki sai ya saki wasu sinadarai, har da wanda likitoci ke kira histamin. Fata ta yi ruɗu-ruɗu, leɓe da fatar ido su kumbura, ciki ya murɗa, amai ya zo. In abin ya yi tsanani hanyar numfashi ta tsuke, jini ya sauka, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Yawanci cikin 'yan mintoci yake farawa, da wuya ya wuce awa biyu bayan an ci. Ba sai ya ci da yawa ba, abin da ya maƙale a bayan cokali ya isa. Wuta kuma ba ta kashe furotin ɗin gyaɗa. Gyaɗa ko an soya ta, ko ta kwana tana tafasa, tana nan da abinta. Kuma don bara ya tsaya a ƙaiƙayi, ba shi ke nuna bana ma a nan zai tsaya ba.

To a ƙasarmu, wanda aka hana wa gyaɗa an ɗora masa aiki. Asalinta daga Kudancin Amurka take, Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka, amma ta zauna da mu har ta zama 'yar gida. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911 ta zama dukiya. Da ita su Alhassan Ɗantata suka yi suna, mu ma mun tarar da dalar gyaɗa a tsaye. Dalar ta tafi, gyaɗar kuwa tana nan a kowace tukunya.

Wadda ake gani ido da ido, soyayya ko dafaffiya ko kantun gana, ba ita nake ji ba, yaron da kansa ya san ta. Wadda ta ɓuya nake ji. Tana cikin miyar taushe, ita ke ba ta kauri. Tana cikin kwaɗon zogale da na rama, da dambu, da fate, da daƙuwa, da gurasa bandashe. Ƙuli-ƙuli kuwa gyaɗa ce tsantsa da aka matse wa mai, wato abin da jikin yaron ke gudu shi ne ya taru a ciki. Ki bi sawun ƙulin ki ga inda yake kaiwa. Shi ake dakawa a yajin mai nama. A cikin garinsa ake birkiɗa tsire kafin a kafa shi a wuta. Kilishi a labu ake tsoma shi, labu kuwa tunkuza ce aka dama da kayan yaji. Ko balangu da ba a shafa wa ƙuli ba, da man gyaɗa ake yayyafa shi, da wuƙa ɗaya a kan katako ɗaya ake yanka shi da tsire, sannan a barbaɗa masa yajin nan a naɗe a takarda. Wannan ki gaya wa ƙannen mijinki samari, don su ne masu shigowa da ƙunshin nama bayan isha'i su tara yara.

Sai mai. Man ƙuli na gida, wanda mata ke matsewa da hannu, mai ƙanshin nan da muke so a ɗanwake, yana ɗauke da furotin ɗin gyaɗa. Wannan haramiyar yaron ne. Wanda kamfani ya tace sosai an cire masa kusan duka, kuma da yawa masu wannan lalura suna cinsa lafiya, amma ba ke za ki yanke wannan hukunci ba. Man da ake aunowa a kwalba a kasuwa kuwa, ba ki san abin da ya taɓa zama a jarkar ba. Ki tambayi uwarsa wane mai ta saba yi masa girki da shi, ki sayo galan mai hatimi irinsa, ki tsaya a kansa.

Na san abin da za ki ji a gidan. Za a ce tsirfa ce ta 'yan boko. Za a ce mu da kunun gyaɗa aka yaye mu, ga mu nan garau. Wata za ta ce iyayin uwarsa ne, wata ta ce a dinga ba shi kaɗan-kaɗan zai saba, wata kuma ta ja ki gefe ta ce ba abinci ba ne, baki ne ya kama yaro. Kada ki ɗaga murya, kada kuma ki yi musu dariya, don a maganar tsofaffin nan akwai gaskiya. A Ingila an yi shekaru ana gaya wa iyaye su nisanta ƙananan yara da gyaɗa. Sai wasu likitoci a Landan, ƙarƙashin Farfesa Gideon Lack, suka bi jarirai 640 masu tsananin ƙaiƙayin fata ko waɗanda ƙwai bai karɓe su ba. Rabi ana ba su abinci mai gyaɗa tun ba su cika shekara ba, rabi an hana su, har suka kai shekara biyar. Da sakamako ya fito a 2015, sai aka ga lalurar ta ragu da kusan kashi 80 cikin 100 a wurin waɗanda aka saba musu da wuri. Ashe kunun gyaɗar kakanni ba banza ba. Ki faɗa wa surukarki Hajiya haka, za ta ji daɗi.

Sannan ki ɗora mata da sauran. Wancan rigakafi ne ga jaririn da abin bai kama ba. Wanda ya riga ya kama, ba shi kaɗan-kaɗan a gida wasa da rai ne. Akwai inda likitoci ke yin irin wannan sabo, amma a asibiti, da awo, da allura a ajiye a gefe. Ƙwai da madara, yara da yawa sukan rabu da matsalarsu in sun tasa. Ta gyaɗa ba ta cika sakin mutum ba, wajen ɗaya cikin biyar ne ke rabuwa da ita. Zancen “a zamaninmu babu” kuwa, ni da na ga zamanin zan gaya miki: in yaro ya shaƙe haka kawai, cewa ake lokaci ne. Lokaci ne kam, amma ba mu cika tambayar me ya ci ba.

Maganar nan ba ranar Sallah ake yin ta ba, ana tsaka da hayaniya, kuma ba a gaban mutane ba. Ku sami Hajiya ke da facalarki tun da sauran kwanaki, bayan an sha ruwa hankali ya kwanta, ku durƙusa ku ce, “Hajiya, shawara muka zo nema. Likita ya ce ko ɗigo kada ya shiga bakin yaron nan. Yaya kike ganin za mu yi da taushen bana?” Babba in aka sa shi a gaba a kan magana, shi zai fi kowa tsare ta. Za ki ga ita ce ke korar jikoki daga bakin turmi.

Ita ma facalar taki tana bukatar nasiha, ta wani gefen. Tsoro yakan sa uwa ta hana yaro komai. Na ga gidan da aka cire wa yaro ƙwai da madara da kifi da wake a kan zato, yaro ya rame, alhali abu ɗaya ne ke damunsa. A kai shi wurin likitan yara a babban asibiti, irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, a ba da labarin abin da ya ci da abin da ya biyo baya, likita ya faɗi gwajin da ya dace. Shi ne kuma zai ce ko 'yar ƙaramar za ta iya cin ƙwan da aka gasa cikin kek, don wasu yaran suna iyawa, wasu ba sa iyawa.

Akwai abin da ake rikitawa, bari in raba miki. Wanda in ya sha madara cikinsa ke kumburi da ƙugi da gudawa, yawanci sukarin madarar ne cikinsa ba ya iya narkarwa. Manya da yawa a cikinmu haka suke, kuma sukan sha kindirmo lafiya don tsami ya rage sukarin. Ba daɗi, amma ba ya shaƙe mutum. Wanda furotin ɗin madara ke tayar wa garkuwa kuwa, nono da man shanu da cuku da tuwon madara da gullisuwa duk ɗaya suke a wurinsa, kuma komawa nonon akuya ba mafita ba ce, kusan iri ɗaya ne da na saniya.

Yanzu mu shiga kicin. Na yaron nan ake fara yi, da sassafe, kafin a buɗe wani abu mai gyaɗa, kafin a fasa ƙwai ko ɗaya. A gama, a zuba a kula mai murfi, a ɗaura mata jan ƙyalle don kowa ya gane, a ɗora sama inda hannun yara ba ya kaiwa. Ɗauraya da ruwa zalla ba ta fitar da maiƙon gyaɗa daga hannu, haka ma ruwan goge hannun nan da aka saba da shi lokacin korona. Sabulu da soso ne maganin abin.

Kayan itace su ne masu riƙo. Ki ɗauki taɓaryar gidan ki shinshina bakinta. Ki sa farce a tsagun cikin turmi ki ƙwaƙulo: abin da zai fito baƙi-baƙi mai maiƙo, yajin bara ne da ƙulin bara waccan. Muciya da ludayin duma da akushi duk haka suke. Ki saya masa ƙaramin turmi nasa da muciya tasa, kuɗinsu bai kai na ɗinkin Sallah ɗaya ba.

Inda aka fi yin sakaci shi ne injin markaɗe. Ki je ki tsaya bakin inji ranar jajibiri ki gani. Bokitai a jere tun daga ƙofa har bakin titi. Na gaba gyaɗar kunu ce, na bayansa waken ƙosai, sannan shinkafar wainarki, sannan kayan miya. Mai inji yana gumi, ana ta yi masa azarɓaɓi, zai kwara ruwa kofi ɗaya tsakanin wannan da wancan, ya tare farkon abin da ya fito ya mayar ciki. Ƙullun zai dawo miki fari tas, amma ya bi ta inda gyaɗa ta bi. In akwai wuta ki markaɗa nasa da blanda a gida, wadda kika kwance kika wanke har gindin wuƙarta. In babu, ki daka a turminsa. Ai kafin inji ya zo ana cin waina, kuma gwangwani biyu na shinkafa ba zai karya ki ba. Man suya ma haka. Kaskon da aka soya abu mai ƙwai, man ya riga ya ɗauka. Nasu a sabon mai, kuma matsami ɗaya kada ya shiga kasko biyu.

Amma in za ki bi ta tawa, duk abin da za a iya yi wa kowa ba gyaɗa ba ƙwai, a yi wa kowa haka. Tukunya ɗaya ta fi biyu sauƙin tsarewa ranar da hannu goma ke shiga kicin. Bayan wannan, yaro ba ya son a ware shi. Ki dubi fuskar wanda 'yan'uwansa suka kewaye tire suna wawaso, shi kuma an zaunar da shi gefe da ɗan kwanonsa ana ce masa kai ba ka cin wannan. Irin wannan yaron shi ne zai faki ido wata rana ya ɗauka a ɓoye, in bakinsa ya fara ƙaiƙayi kuma ya yi shiru don tsoron faɗa. Shirun nan ya fi gyaɗar ba ni tsoro.

Kuma abin ba wuya yadda ake zato. Miyar taushe, ki ƙara kabewa ki dame ta sosai, ki sa agushi a madadin gyaɗa, da yakuwa da alayyahu yadda kika saba. Wanda ba a gaya wa ba, sai ya kai loma ta uku bai lura ba. Yaji ki daka naki: barkono, citta, masoro, kanumfari, kimba, gishiri, ki ba shi jiki da garin soyayyiyar masara maimakon ƙuli. Ki daka da yawa ki raba a kwalabe, ya zama shi ne yajin gidan. Kunun safe a yi na tsamiya ko na kanwa. Aya kuma, duk da a ƙasa ake tono ta, ba dangin gyaɗa ba ce, kunun ayar da kika yi da hannunki ba laifi.

Kayan fulawa, cincin ba ya bukatar ƙwai. Fulawa da sukari da bota da ɗan gishiri da bekin foda da ruwa sun isa, har ya fi ƙarau-ƙarau ya fi daɗewa a ajiye. Kek ne mai ɗan gardama, don ƙwai ke riƙe shi yake kuma taya shi tashi. Ki murje rabin nunanniyar ayaba a madadin kowane ƙwai, ko ki sa ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda da babban cokali ɗaya na ruwan khal, ki zuba a gwangwani nan take kafin kumfar ta kwanta. Ƙananan gwangwanaye sun fi babba ɗaya, don kek marar ƙwai yakan zauna a tsakiya. In a tukunyar yashi kike gashi, ki rage wuta, kada kuma ki yi saurin buɗewa. Saman mitfai da ake shafa wa ƙwai, ki shafa mai. Mayonis da ƙwai ake yin sa, don haka salak ɗinki a haɗa da mai da lemon tsami.

Za ki tarar kayan gargajiya sun fi na zamani sauƙi. Waina da sinasir da tuwon shinkafa da funkaso da alkaki da nakiya ba ruwansu da ƙwai, in dai an kula da man da aka yi da shi. In kuma wata rana kika yi baƙon da alkama ce ba ta karɓe shi ba, ki tuna fulawa da semo da taliya da kuskus da burodi duk alkama ce, amma ga gero da dawa da masara da shinkafa da acca, an bar masa fili.

Sai dai duk abin da yaron bai taɓa ci ba, ko agushi ne ko aya, ba ranar Sallah ake gwada shi ba. A gwada tun da sauran mako biyu, da yardar uwarsa, da rana, ranar da asibiti ke aiki sosai, kuma abu ɗaya a lokaci guda.

Kayan kanti, ki koyi juya kwali ki karanta bayansa: biskit, cakulan, bota, har dunƙulen miya. Lambar NAFDAC tana nuna an yi wa kaya rajista ne, ba ta nuna sun dace da yaronku. In an rubuta cewa wataƙila akwai ɓurɓushin gyaɗa, ki mayar kan kanta. In rubutun da harshen da ba ki iya ba ne, irin tsarabar alhazai ta halawa da cakulan da cusasshen dabino, manya su ci abinsu. Ko a ƙasashen da ake rubuta komai an yi asarar rai a kan haka. A 2016 wata yarinya 'yar shekara 15, Natasha Ednan-Laperouse, ta sayi burodi mai haɗi a filin jirgin Heathrow na Landan. An kwaɓa riɗi a cikin ƙullun, ba a kuma rubuta a jikin takardar ba. A cikin jirgi abin ya kama ta, mahaifinta ya yi mata allura har biyu, amma rai ya yi halinsa. Iyayenta ba su yi shiru ba, sai da aka yi doka da sunanta, ta fara aiki a Ingila a watan Oktoba na 2021, wadda ta tilasta wa masu shirya abinci suna naɗewa a shagonsu su rubuta duk abin da ke ciki. Amurka ma daga 2023 ta sa riɗi cikin jerin abubuwan da dole a bayyana. Mu nan mai tallan kantu ba ta da takarda, sai dai a tambaye ta.

Tambayar ma sai an iya ta. Kwanon da ya shigo daga maƙwabta a karɓa da godiya, a ba ɗan aike tukwici, manya su ci. In ana so yaron ya ci, “akwai gyaɗa a ciki?” ba ta isa ba. Za a ce miki babu, kuma ba ƙarya aka yi ba, ba a dai lissafa man ƙulin da aka soya albasa da shi ba. Ki ce da wane mai aka yi, an sa yaji, a ina aka kai markaɗe. In kin ga tambayar za ta yi nauyi, a bar shi kawai ya ci na gida. Ke ma in kina fitar da naki, ki ce wa ɗan aike ya faɗa in akwai gyaɗa a miyar, ba ki san wa ke wancan gidan ba.

Yawon Sallah ba za a hana shi ba. Amma mun tarbiyyantar da yaranmu a kan ba a mayar da hannun babba baya, kuma wannan kunyar ce za ta sa ya kai baki. A koya masa abin faɗa, a maimaita har ya zauna masa: “Na gode Goggo, likita ya hana ni, a sa min a leda in kai wa Umma.” Ba rashin kunya a ciki, ba kuma wanda zai ji haushi. A cika masa aljihu da cincin ɗin gida don kada ransa ya biya, a haɗa shi da yayansa mai hankali wanda ya san alamomin, a sa masa 'yar takarda a aljihu mai ɗauke da abin da ba ya ci da lambar wayar ubansa. 'Yar ƙaramar kuwa, idonki a kan masu ɗaukarta. Goggon da ta gama cin kek, ta ɗauke ta tana mata wasa, ba ta san lokacin da za ta gutsura ta sa mata a baki ba.

In Babbar Sallah ce, naman layya da dambun nama duk a soya da man da aka yarda da shi, kilishin gida kuma a ware masa nasa tun kafin a tsoma a labu. Akwai ma wata lalura da cizon kaska ke jawowa, mutum ya ci jan nama lafiya, sai bayan awa uku zuwa shida jiki ya rikice, sau da yawa cikin dare. An same ta a Amurka da Ostireliya da Afirka ta Kudu. Duk wanda kika ga hakan na maimaita masa, ki ce ya ambata wa likita.

Saura abin da ba ma fata. Ranar Sallah kemis da yawa a rufe suke, ma'aikatan asibiti sun ragu, in ana hawa kuma hanyoyin cikin gari a cushe. Tun jajibiri ku san asibitin da za a nufa da hanyar da za a bi, mota ta kwana da mai, ko a riƙe lambar mai adaidaita na unguwa. In ƙuraje ne kawai da ƙaiƙayi, yaro yana magana yana numfashi daidai, a ba shi maganin da likita ya rubuta masa, irin su Piriton, a zuba masa ido. Amma in murya ta dashe, ko tari ya sarƙe shi, ko numfashi ya fara fito, ko harshe ya kumbura, ko ya yi laushi yana lumshe ido, Piriton ba ta buɗe maƙogwaro. Allurar adirenalin ce magani, a gefen cinya ta waje ake yin ta. Akwai wadda aka shirya a cikin alƙalami don iyaye su yi da kansu, ko ta kan wando, sai dai tana da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba. In suna da ita, ki sa facalarki ta nuna miki inda take da yadda ake yi. In minti biyar ta wuce ba sauƙi, ana yin ta biyu. In babu, ba jiran maigida ya dawo daga gaisuwa, sai asibiti. Wanda yake da asma, nasa ya fi gaggawa.

A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa. In numfashi ne ke ba shi wuya a bar shi ya zauna a jingine, in yana amai a juya shi gefe. Kada a tsayar da shi, kada a ce ya taka zuwa mota, ɗaukarsa za a yi. Za a miƙo miki manja, za a miƙo madara, wata za ta ce a sa masa yatsa ya amayar. Kada ki yarda a yi wa yaron da ke neman numfashi ɗura, huhunsa za ta tafi. Addu'a a yi ta, amma a cikin mota ana tafiya.

Ko ya warware a hanya yana neman ruwa, kada a juya. Abin yakan lafa ya sake dawowa bayan wasu awoyi, shi ya sa likitoci ke riƙe mutum su ga yadda zai wuni. Ki tafi da ragowar abin da ya ci ko kwalinsa, ki rubuta lokacin da ya ci da lokacin da alama ta fara, likitan da zai gan shi bayan Sallah zai nema.

Ki gaida Hajiya da kyau, ki gaida facalarki. In kin daka yajin nan ki aiko min da kwalba ɗaya.